Harbi-ka-Ruga: Tarbiyyar da ke Cikin Ɗuri

A cikin kayan aikin da Bahaushe ya aro daga baƙi, da wuya a sami wanda ya laƙaba wa suna mai fallasa kamar bindigar maharba. Ya kira ta harbi-ka-ruga, wato da zarar ka saki harbi ɗaya, sai ka nemi mafaka, domin kafin ka sake ɗura ta, abin da ka harba yana iya waiwayowa kanka. Turawa kuwa sun jingina sunanta ga 'yan kasuwar ƙasar Denmark, waɗanda suka yi ta shigo da irinta ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Taron Barasal na 1890 ya taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, aka bar musu mai ƙyastu. Da haka aka je fagen Sakkwato da na Burmi a 1903, inda kibiya da takobi da 'yan bindigogi ƙalilan suka fuskanci bindiga mai ruwa.

Mu da muka tashi a Sabon Garin Minna, garin da layin dogo na Baro zuwa Kano ya raya tun wajen 1911, mun buɗe ido mun tarar da wannan bindiga a hannun dattawa, Hausawa da Gwarawa da Nufawa. Abin da muka fi riƙewa game da su shi ne hidimar da ke gaban harbi da bayansa. Maharbi kan auna albarushi da ɗan ma'auni, ya zuba ta baki, ya tura tsumma da sandar ɗuri, ya bi da dalma, ya sake toshewa. Kowane mataki yana da ƙa'ida. Wanda ya yi zarin albarushi, bututun kan fashe masa a hannu, musamman da yake maƙera kan ƙera shi ne da bututun ruwa ko ƙarfen sitiyarin mota. Mun san gidajen da maigida ya rasa yatsu ta wannan hanya.

Haka kuma tokar albarushi tana janyo laima, ga daminar Minna mai tsawo, don haka bindigar da ta kwana ba a wanke ba, tsatsa ce rabonta. Akan wanke cikinta da ruwan zafi, a busar, a shafe da mai, sannan a rataye ta can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ba a shiga da ita gida a ɗure, ba a nuna mutum da ita ko da wasa, ba a kuma harbin motsin ciyawa sai an ga gada ko zomo ƙuru-ƙuru. Alal haƙiƙa, jinkirin ɗuri shi ya koya wa maharbi haƙuri, domin mai harsashi ɗaya tilas ya yi tunani sau biyu.

Libarba kuwa, wadda Samuel Colt ya yi wa rajista a Amurka a 1836, dabararta ita ce kawar da wannan jinkiri, ta hanyar tulu mai juyawa da kan ɗauki harsashi biyar ko shida. A can Amurka har akwai masu tara kwanson da aka harba, su sake cika shi a gida a matsayin abin sha'awa. A nan ba ta taɓa zama kayan farauta ba, a kugun hafsa muka san ta. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Libarba da bindigogin soja suna cikin haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta ta zamani tana buƙatar lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda, ita kuma ta ɗuri ta baki an bar al'amarinta ga hukumar jiha. Wato ita ma doka ta auna haɗarin bindiga ne da saurin ɗurinta.

To, sai dai zamani ya juya wa maharbi baya ta fuska biyu. Namun daji sun ja baya, har wanda ya rage a Zugurma da Borgu ya koma ƙarƙashin kariyar Gandun Dajin Tafkin Kainji. Dajin da dabba ta bari kuma, ɗan bindiga ya gaje shi. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Kagara, a watan Mayu na shekarar aka kwashe yaran Islamiyya a Tegina. Ƙauyukan Shiroro da Munya da Rafi suka yi ta kwararowa Minna gudun hijira. Da jama'a suka rasa madafa, sai suka waiwayi maharba, aka mai da su 'yan banga, mai harbi ɗaya ya tsaya gaban mai AK-47 da ke ɗauke da harsashi talatin. Da yawa daga cikinsu ba su dawo ba.

Muna jin masu cewa a bai wa kowa bindiga ya kare kansa, kuma ba mu raina zafin da ya haifi wannan magana ba, domin wanda aka kora daga gonarsa ya fi kowa sanin ciwonsa. Amma masu iya magana sun ce makashin maza, maza kan kashe shi. Maharbin da muka sani ya shafe shekaru yana riƙe wa ubangidansa jakar albarushi kafin a yarda ya taɓa kunama, kuma yana da Sarkin Baka da zai tuhume shi in ya kauce. Saurayin da aka miƙa wa bindiga da safe ya fita sintiri da dare ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ranar da rikici ya lafa, bindigar tana nan a ɗakinsa.

Saboda haka, in har larura ta sa an ɗora wa maharba tsaron ƙauyuka, wajibi ne hukuma ta san sunan kowa da lambar makaminsa, ta horar da shi, ta kula da iyalinsa in ya faɗi, a kuma mayar wa dattawan sana'ar ikonsu na tsawatarwa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da manoma gonakinsu.