Me Karatunku Ya Yi Wa Saniyata?

Na san waɗansunku za su ce, ina ruwan filin mata da zancen shanu, ai wannan na makiyaya ne da likitocin dabbobi. To, ku yi mini haƙuri ku ji. Ni dai da kuɗin nono aka yi mini karatu, saboda haka in na yi shiru a kan saniya, na yi butulci.

Ina da shekara 9 mahaifina ya rasu, sai Goggo, ƙanwarsa, ta ɗauke ni. Tana aure a wata ruga ta Fulanin zaune, tafiyar sa'a guda a ƙasa daga garinmu. Baffa, maigidanta, shi ke tatsa da sassafe, amma da zarar ya miƙo ƙwarya, nono ya zama na Goggo, ba ya tambayarta ko kwabo. Ita ke dafa madara ta kwantar da kindirmo, ta kaɗa ta fid da mai, ta cura fura, ta ɗauka a ka har kasuwa. Daga cikin ƙwaryar nan aka saya mini littattafai, aka biya kuɗin jarrabawa, har na shiga kwalejin horon malamai na yi shekara 3 na fito. Ɗanta na fari kuwa, wanda nake kira Yaya, shi har jami'a ya kai, ya karanta ilmin kiwon dabbobi. Bijimai biyu aka sayar a kansa.

Ran da na komo gida da takardar shaidata, Goggo ta karɓa ta jujjuya ta, ta sa mini albarka. Sa'an nan ta ce, "To Malama, barka. Ke kin gama, wancan ma ya gama." Ba ta faɗin sunan Yaya, don ɗan fari ne. Ta ce, "Ga shi nan shekara biyu yana yawon neman aiki da takardu a hammata. Ku gaya mini, me karatunku ya yi wa saniyata? Abin da take ba ni jiya, shi take ba ni yau."

Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta tsaya mini a rai. Abin da ya ƙara mata nauyi kuwa shi ne, autar Goggo tana aji shida a makarantar da aka ba ni koyarwa, yarinya mai kan lissafi ƙwarai. Baffa ya riga ya yanke cewa in ta gama firamare ta gama ke nan, za ta karɓi ƙwaryar talla, gama gwiwoyin Goggo sun fara ciwo. Ya ce mutum biyu sun isa gwaji.

Ba zan ga laifin Baffa duka ba, domin an taɓa cutarsa da sunan ilmi. Wata shekara ya ji labarin shanun Turawa masu cika bokiti, sai ya sayar da karsana biyu ya sayo wata saniya ruwa-biyu a hannun wani dillali. Ya sa ta cikin garke tana bin 'yan'uwanta daji, rana ta buge ta, kaska ta kama ta, da damina kirci ya ci mata baya. Ba ta shekara ba ta mutu. Tun daga ran nan in an ce masa "masana sun ce", sai ya kau da kai.

Da abin ya dame ni, na sami Yaya na ce ya gaya mini gaskiya, me aka koya musu, kuma ina amfaninsa ga Goggo? Abin da ya bayyana mini, da wanda na bi na karanta daga baya, shi nake so in gutsura muku.

A Shika, kusa da Zariya, akwai gonar binciken dabbobi wadda aka kafa tun 1928. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ta shiga ƙarƙashinta, a 1976 kuma ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa baki ɗaya. Kajin nan masu yawan ƙwai da ake kira Shika Brown, can aka fid da irinsu. A can aka daɗe ana gwada haɗa farar saniyarmu Bunaji da bijimin Firiziya, watau shanun nan masu dabbare-dabbaren baƙi da fari waɗanda asalinsu ƙasar Holan ne.

Dalilin haɗin shi ne wannan. Saniyar Firiziya a ƙasarsu tana ba da fiye da lita 20 a yini, tana kuwa haihuwar fari tana da shekara 2 ko da 'yan watanni. Bunaji a ruga, abin da ake tatsa a jikinta bayan maraƙi ya sha bai cika wuce lita 1 ko 2 ba, ba ta haihuwar fari sai ta kai shekara 4 ko 5, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma yakan kai kusan shekara 2, alhali cikin saniya wata 9 ne da 'yan kwanaki. Amma Bunaji tana da abin da waccan ba ta da shi. Tana jure zafi da ƙishirwa da doguwar tafiya, tana kuma jure cututtukan ƙasarmu fiye da baƙuwa. In an haɗa su, 'yar da aka haifa takan ɗebo nono daga wajen uba, ta ɗebo juriya daga wajen uwa. Binciken da aka yi a ƙasashe masu zafi ya nuna cewa rabi da rabin nan shi ya fi dacewa da ƙaramin makiyayi. In jinin baƙuwa ya yi yawa, sai laulayi ya ƙaru, 'yan maruƙa su riƙa mutuwa. Har wa yau, ko rabi da rabin, sai da inuwa, da ruwa a kusa, da wankan kashe kaska, da ƙarin abinci kamar dusa da angurya da harawa. Ashe saniyar Baffa ba ilmi ne ya kashe ta ba, rabin labari ne da dillali ya ba shi.

Na ce wa Yaya, "To, mu da ba mu da halin wannan hidima fa?" Ya ce, "Ai tushen binciken duka ba saniyar Turawa ba ce, littafi ne da alƙalami." Ya ce Turawa ba tsintar shanunsu suka yi haka ba. Auna nonon kowace saniya suke yi suna rubutawa, a lissafin kwana 305 bayan haihuwa, sa'an nan su bar 'ya'yan waɗanda suka fi, su sayar da sauran, shekara da shekaru. Mu kuwa da ido muke zaɓe, mu dubi tsawon ƙaho da tozo da hasken gashi.

Daren nan ban yi barci sosai ba. Da gari ya waye na sayi littafin rubutu mai arha, na samo kwalbar lita guda na yi mata alamar rabi, na kira auta. Na ja mata layi, kowace saniya da gidanta, kowace rana da nata layi. Shanu 5 ake tatsa a lokacin. Na ce kowace safiya, kafin Goggo ta haɗa nonon wuri ɗaya, ta auna ta rubuta, ran Juma'a ta tara ta kawo mini in duba. Baffa ya ce wasan yara ne, amma bai hana ba. Goggo kuwa ta yi ta mita, wai muna sa ta makara kasuwa.

Cikin garken akwai wata fara tas mai kyan diri, ita ce abar alfaharin Baffa. Akwai kuma wata mai karyayyen ƙaho, ramammiya, wadda ya yi niyyar kai wa kasuwa kafin Babbar Salla. Watan farko farar ce a gaba, tana ba da lita 2 kowace safiya. Amma da aka shiga wata na uku sai ta ja baya, har ta koma rabin lita. Mai karyayyen ƙaho kuwa tana nan a kan lita 1 da rabi, ba ta cika gaba ba, ba ta cika baya ba. Da kwana 150 suka cika, auta ta tara. Fara ta ba da lita 160, mai karyayyen ƙaho ta ba da 215. Muka tambayi Goggo haihuwarsu, ta lissafa da Salla da damina kamar yadda suke yi, sai ga shi a nan ma ramammiyar ta fi da maraƙi guda.

Auta ce ta karanta wa Baffa lissafin da bakinta, da dare, a gaban fitila. Ya sa ta maimaita sau biyu. Bai ce kome ba, amma ran kasuwa wani ɗan bijimi ya kora, mai karyayyen ƙaho tana nan a turke. Bayan kwana uku na ji yana tambayar Yaya harawar wake nawa za a tanada mata don rani.

Sa'an nan ne na sami bakin amsa wa Goggo. Na ce, "Goggo, kin tuna bushiya?" Ta riƙe baki ta ce, "Wa zai manta? Ina yarinya ta share garken mahaifinmu." Wannan ita ce annobar 1983, wadda ta halaka shanu masu ɗimbin yawa a Nijeriya. Na ce mata, "To, yau ina take?" Likitocin dabbobi ne suka yi ta bincike suna yin allurar rigakafi, cikinsu har da na Vom a ƙasar Jos, inda aka kafa wurin binciken tun 1924, har aka yi shela a 2011 cewa an kau da bushiya daga duniya ɗungum. Na ce, "Ga abu guda da karatu ya yi wa saniyarki, ko da yake ba nawa karatun ba ne." Ta ce, "Wannan kam gaskiya ne. Saura naku."

Akwai wani bincike kuma da ya shafe mu mata kai tsaye. A shekarun 1980 wata Baturiya mai suna Ann Waters-Bayer ta zauna da matan Fulani a Abet, kudancin Kaduna, tana duba yadda suke sana'ar nono. Ta ga cewa shanu galibi a hannun maza suke, amma sarrafa nono da sayar da shi da kuɗinsa na mata ne. Ta kuma ja kunnen masu shirin raya kiwo cewa in sun yi magana da maza kaɗai, to sun tsallake masu sana'ar. Wannan gargaɗi bai tsufa ba. Yanzu da kamfanoni ke kafa wuraren karɓar ɗanyar madara kusa da rugage, abin kirki ne, gama yana rage wa mace tafiya a rana. Amma ku lura da sunan wanda ake rubutawa a littafin biya. In madara ta bar ƙwaryar mace, kuɗin ya faɗa aljihun wani, to da me za a saya wa yarinya littafi? Macen da ta iya karatu da lissafi ita ce za ta tsaya ta ga an auna daidai, an rubuta sunanta. A ƙasar Indiya, ƙananan masu saniya ɗaya ko biyu ne suka haɗa kai a garin Anand a 1946, ana auna madarar kowa ana biyansa, abin ya bazu, har ƙasar ta zo ta fi kowace ƙasa yawan madara a duniya.

Kada in yi muku ƙarya in ce kome ya gyaru. Yaya har yanzu bai sami aikin ofis ba, sai dai ya daina jira, yana haɗa abincin dabbobi yana sayarwa, maƙwabta kuma suna kiransa in saniya ta ƙi cin abinci. Goggo takan ce da ma tun farko haka ya yi. Zancen auta kuwa, Baffa bai ce ya sake shawara ba. Abin da ya ce kawai shi ne, a bar ta ta rubuta jarrabawar shiga sakandare, in ta ci, a ga abin da mai karyayyen ƙaho za ta iya ɗauka. Jarrabawar tana nan tafe, ni da ita muna bita kowane maraice bayan ta wanke ƙore. Na kuma yi alkawarin in ta ci, kuɗin littattafanta daga albashina za su fito, gama bashi ne a kaina.

To, 'yan'uwana, ga 'yar shawarata. Wadda ke da saniya ko akuya ko kaji, ta sa ɗiyarta 'yar makaranta ta riƙa rubuta abin da suke ci da abin da suke bayarwa. Kada a tatse saniya ƙaf, a bar wa maraƙi rabonsa, don shi ne garken gobe. A tafasa madara kafin a ba yara, domin tarin fuka da cutar bakkale suna iya bin ɗanyar madara su kama mutum. Kada kuma a sayi saniya ruwa-biyu sai an shawarci malamin dabbobi, an kuma tanadi abincinta na rani.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, in kun koma gida hutu, kada ku ƙyamaci warin ruga ko na akurki. Ku dubi sana'ar da ake biya muku makaranta da ita, ku ga inda lissafinku zai shiga. Wata rana za a yi muku irin tambayar da Goggo ta yi mini, gara ku fara neman amsa tun yanzu.

Ina roƙonku ku sa autarmu cikin addu'a. Allah ya ba ta sa'a, ya albarkaci guminmu da na iyayenmu, amin. Wassalam.