Bakwainin Yakasai

Sai a 2022, bayan an sake buɗe iyakar Jibiya, na samu na taso daga Maraɗi zuwa Kano don in ga ɗan ƙanwata. An haife shi a watan Mayun 2020, ana tsakiyar kulle, bai cika wata tara ba, uwar kuma tana kwance da korona. Shekara biyu ina ɗauke da hotonsa a zuciya: ɗan mitsitsi, mai numfashi sama-sama.

Mai adaidaita sahu ya sauke ni a Ƙofar Mata, kusa da Asibitin Murtala, na shiga Yakasai da ƙafa. Mu ma muna da lunguna a tsofaffin unguwanninmu, amma ban taɓa ganin irin waɗannan ba, inda sai ka karkata kafaɗa kafin mai tura kurar ruwa ya wuce. Na tsaya ina tambayar kaina yadda aka yi da dokar ba da tazara a nan, inda katangar wani ita ce ta maƙwabcinsa. A cikin birnin nan aka yi ta jana'iza a watan Afrilun 2020. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna iya zama masu alaƙa da korona.

Ina yin sallama a soro wani yaro ya fito a guje, ƙafa duk ƙura, ya riƙe mini riga. Sai da ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, ai shi ne," na yarda.

Da yamma surukarta ta tuna mini da abin da na faɗa a waya ranar haihuwar. Ni ne na dage a raba jaririn da uwarsa, a ba shi madarar gwangwani.

"Kawun yara, da mun bi taka, da wa zai ɗumama shi?" in ji Hajiya. "Malaman asibiti cewa suka yi ta sa takunkumi, ta wanke hannu, ta ba shi nono tun daga dakashi, ta kwantar da shi a ƙirjinta."

Na ce, "Hajiya, tsoro ne."

Shawarar da aka ba su ita ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma bincike ya zo ya ƙarfafa ta. A watan Afrilun 2021 aka fitar da sakamakon wani nazari da Jami'ar Oxford ta jagoranta kan masu ciki 2,130 a ƙasashe 18, 706 daga cikinsu da korona. Abin da ya ba ni mamaki, cikin masu binciken har da 'yar gida, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero. Sun gano cewa cikin jariran da masu korona suka haifa, kaɗan ne, kusan ɗaya cikin takwas, gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar, kuma shayarwa ba ta ƙara yawansu ba. Ɓarnar ta fi biyowa ta jikin uwa: hawan jini na masu ciki, da haihuwa kafin lokaci. Bakwaini kuwa sanyi da yunwa ke saurin kayar da shi, su ne kuma abin da shawarata za ta jawo masa.

Hajiya ba ta nan take kuka ba. Abin da ya tsaya mata shi ne suna. An yanka rago, wanzami ya yi aski, amma babu taron mata, kuma ta hana 'yan barka shiga ɗakin mai jego har aka yi arba'in. Wasu dangi sun yi fushi. A Maraɗi, da ni ma ina cikin masu fushin, don mun saba auna darajar haihuwa da yawan takalman da ke ƙofar ɗaki, jariri yana yawo daga hannu zuwa hannu, har da na mai tari. Ban taɓa ganin laifin hakan ba sai a tsakar gidan nan.

Ana kiran sallar magariba ƙanwata ta ɗauko katin awonsa daga cikin kwalla, ta nuna mini nauyinsa wata bayan wata, da ranakun riga-kafi duk a cike. Yaron ya fizge katin ya nufi soro, ta bi shi tana kiran sunansa.