A Lallaɓa Ta Zuwa Ƙarshen Wata

Tsohuwar boila ba ta ɓoye ciwonta. Mu da ke kwana muna tashi da ita ne muke sabawa da nishinta har mu daina ji.

Ina saurayi na bar Fakku zuwa Kaduna, na samu aiki a wata masaƙa mai tukunyar tururi, wato boila, da ke juya injin wutarta. Dattijon da ya koya mini aiki, Baba muke ce masa, ya fara da cewa: "Yaro, bar tsoron wutar nan, ruwa za ka ji tsoro." Ruwan da ba a tace da kyau ba yana barin ƙanzo a cikin bututu, irin wanda tuwo ke bari a gindin tukunya. Ƙanzon sai ya raba ƙarfe da ruwan da ke sanyaya shi, ƙarfen ya yi ta shan zafin da ya fi ƙarfinsa. Ba ranar zai fashe ba. A hankali yake kumbura, shekara da shekaru. Masu ƙira kan yi lissafin juriyar ƙarfen a kan awa 100,000, wato shekara 11 da ɗoriya ba tsayawa, kuma ƙarin digiri 10 zuwa 15 a kan zafin da aka tsara na iya cinye rabin wannan wa'adi.

To, a auna wannan da manyan tashoshin wutar lantarki. Ta Egbin da ke Ikorodu a Legas, mai tukwane shida da megawat 1,320, ta fara aiki tun 1985. Ta kamfanin SONICHAR a Anu Araren kusa da Agadas, mai ƙona gawayin ƙasa don bai wa Agadas da ma'adinan Arlit wuta, tun farkon shekarun 1980 take ci. Kowace da abin da ke cin ta: gawayi mai yawan toka yana goge bututu ta waje, a Najeriya kuwa duk lokacin da babban layin wuta na ƙasa ya faɗi, tukunya ta huce ba shiri a sake hura ta, kuma wuraren walda ne ke biyan kuɗin wannan zafi da sanyi. Shekaru kaɗai ba sa faɗin lafiyar boila. Sai an san sau nawa aka kashe ta aka kunna, da irin ruwan da ta sha.

Abin da na daɗe ban faɗa wa kowa ba shi ne, na iya karanta duk alamun nan, amma bakina ya fi idona nauyi. Wata shekara ruwan da muke ƙara wa tukunya ya riƙa ƙaruwa kullum, ga wani siririn fito a bayan bango. Na san yoyo ne. Oga ya ce akwai odar atamfa ta Sallah, a lallaɓa ta zuwa ƙarshen wata. Na ce to. Ba cin hanci, ba barazana. Ina da iyali, kuma na ga ta yi irin wannan fito a baya ta wuce lafiya. Sabo turken wawa. Tururin da ke fita ta ƙaramar huda yankan ƙarfe yake yi, ya yanke bututun da ke maƙwabtaka, aikin kwana biyu ya koma na makonni. Allah Ya tsare, ba wanda ya ƙone.

Da ta huce, Baba ya miƙo mini guntun bututun ya ce in shafa bakin. Idan leɓen ya yi siriri har yana yanka yatsa, zafi ne na farat ɗaya, ruwa ya yanke. Idan ya yi kauri, da ƙananan tsage-tsage kewaye, ciwon shekaru ne. Namu mai kauri ne, cikinsa fari fat da ƙanzo. Daga nan na koma mutumin littafi: na'urar auna kaurin ƙarfe, wuri ɗaya kowace shekara, a rubuta, a kwatanta da na bara. Dokar masana'antu ta 1987 ta ce sufeto ya duba kowace boila aƙalla sau ɗaya cikin wata 14, amma takardar sufeto ba ta maye gurbin wannan littafi.

Bana wani ɗan ƙanwata ya same ni a Fakku da hotuna a waya. Boila ce ta hannu, an shafe ta da sabon fenti, yana so ya kafa injin turara shinkafa a Tambuwal. Na tambayi littafinta, ya ce: "Kawu, mai ita ya rantse lafiyarta ƙalau." Na ce kafin ya biya ko sisi a buɗe ta in leƙa ciki da tocila, a gwada bawul ɗin tsaro, sannan a cika ta da ruwa ba wuta, a matsa ta ninki ɗaya da rabi na matsin aikinta. Mai ita ya ce bai yarda da gwajin ruwan ba. Kuɗin yaron na nan a aljihunsa, yana kuma fushi da ni har yau.