Furen da Ke Cikin Dutse

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san duwatsun ado, ko da kuwa bai taɓa riƙe su a hannu ba. Akwai jigida, akwai murjani, akwai tsakiya, ga kuma ƙarau na hannu. Amma kaɗan ne daga cikinmu, mu ɗaliban Hausa, suka taɓa tsayawa su tambayi inda waɗannan kayayyaki suka fito, ko yadda aka ƙera su. Muna nazarin sunan abu, mu bar abin kansa.

Ni mutumin Damba ne, nan gefen Gusau. A gidanmu akwai wani tsohon zaren duwatsu da kakata ta gada daga mahaifiyarta. Yawancinsu dogaye ne masu ɗan lanƙwasa, jikinsu cike da zanen ƙananan furanni, ja da rawaya da shuɗi. Ita dai dutse take kiransu, alhali kuwa gilashi ne. Irinsu ne ake ƙerawa a Venis ta ƙasar Italiya, musamman a tsibirin Murano, inda hukumar birnin ta mayar da maƙeran gilashi tun shekarar 1291. Italiyawa suna kiransu milafiyori, watau furanni dubu. Sun shigo Afirka ta Yamma da yawa a ƙarni na 19 da farkon na 20, fatake suka yi ta yawo da su kasuwa-kasuwa har suka iso irin namu ƙauyukan.

To, a furannin kakata zanen yana bisa fatar dutsen ne, shi ya sa shekaru suka goge wasu. Amma akwai wata dabara da ta fi burge ni, wadda ake binne furen a cikin gilashi garai-garai, ya zauna kamar kifi a ruwan gulbi. Ga yadda ake yi. Maƙeri yakan ɗauki tsinken ƙarfe da aka shafa wa wani irin yumɓu don kada gilashi ya manne, ya narkar da sandar gilashi a harshen wuta, ya naɗe ta a jikin tsinken. A da fitilar mai ake zugawa, yau kuwa iskar gas ake amfani da ita. Sa'an nan ya ɗiga ɗigo huɗu ko biyar na gilashi mai launi a da'ira, ya narkar da su su kwanta, ya soka wani tsinke mai tsini a tsakiyarsu. Wannan sukar ce ke jan ɗigon zuwa ciki, su zama kamar fure mai buɗewa. Daga nan sai lulluɓi, watau a rufe furen da farin gilashi mai ɗaukar ido.

Nan ne gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Dole a bar dutsen ya ɗan huce ya yi tauri, shi kuwa gilashin lulluɓi ya yi zafi ƙwarai har ya yi laushi kamar zuma. In duka biyun suka yi zafi, furen sai ya dame ya zama dabbare-dabbare. In aka yi garaje, iska ta maƙale ta bar kumfa. In kuma aka haɗa gilasai biyu da ba sa tsukewa daidai wajen hucewa, dutsen sai ya tsage. Ko an gama lafiya, sai an sa shi a tanda mai zafin wajen digiri 500, ya huce sannu a hankali. Ladan wannan haƙuri shi ne, lulluɓin yana kare furen daga gogewa, yana kuma ƙara masa girma a ido.

Kada wani ya ce wannan sana'a ta Turawa ce kurum. A Bida ta ƙasar Nufe akwai unguwar Masaga, waɗanda suke cewa kakanninsu daga Masar suka fito. A da da yashi da kanwa suke dafa nasu baƙin gilashi, daga baya suka koma narkar da kwalabe, suna naɗa gilashin a tsinken ƙarfe kamar yadda na bayyana. S. F. Nadel ya yi bayaninsu a littafinsa na 1942 a kan Nufawa. Har ila yau, binciken da Abidemi Babalola ya yi a Igbo Olokun ta Ile-Ife ya nuna ana dafa gilashi a wurin tsakanin ƙarni na 11 da na 15.

Abin da ke damuna shi ne, tun wajen ƙarshen shekarun 1960 dillalai, da yawansu Hausawa ne, suke bin gidaje suna sayen tsofaffin duwatsu, suna kai su Turai da Amurka inda suke da daraja. Ban ga laifin mai neman halaliyarsa ba. Sai dai kowane zare da ya fita, yakan tafi da sunansa da labarinsa, a maye gurbinsa da na roba. Yau ka tambayi budurwa a Gusau ko Tsafe ko Bungudu bambancin tsakiya da murjani, da wuya ta ba ka amsa.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, ina kira ga wannan ƙungiya tamu. Idan muka tafi hutu, kowa ya zauna da tsofaffin gidansu, ya rubuta sunan kowane dutse, da lokacin da ake sa shi, da wurin wanda aka saye shi, ya kuma ɗauki hotonsa. Malamanmu kuwa su yarje mana mu yi kundin kammala digiri a kan irin wannan. Da sauran masu sani a raye, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya sa mu dace, amin.