Alkunya Ba Ta Rushe Ra'in Grice Ba

A duk lokacin da ɗalibi ya ɗora nazarinsa na habaici ko zaurance a kan ra'in Paul Grice, ba a rasa malamin da zai ce masa ra'in na Turawa ne, kuma tuni aka rushe shi. Na sha jin wannan hukunci a zaman kare kundi, na kuma ga ɗalibai suna sakin ra'in don tsoron faɗuwa. Ina ganin asara ce ga nazarin Hausa.

Grice ya gabatar da ra'in a laccocinsa na Jami'ar Harvard a 1967, aka buga shi a 1975. Ginshiƙinsa shi ne masu zance suna ɗaukar juna a matsayin masu haɗin kai: a faɗi gwargwadon buƙata, a faɗi gaskiya, a faɗi abin da ya dace da batu, a kuma fayyace shi. A 1976 Elinor Ochs Keenan ta kawo hujja daga ƙauyukan Madagaska, inda mutane kan riƙe labari, su kuma kauce wa ambaton sunan makusanci. Ta nuna cewa ƙa'idar wadatar da bayani ba ta aiki iri ɗaya a kowace al'umma.

Bahaushe zai gane wannan hali nan take. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, matar aure takan ce "shi" ko "maigida". To amma wane ne ya taɓa ruɗewa? Idan uwa ta ce "yaron nan bai dawo ba", alhali tana da 'ya'ya biyar, kowa a gidan ya san wanda take nufi. Kaucewar ce ta nuna shi, domin da ƙaninsa take nufi da ta ambaci sunansa. Mai sauraro ya kai ga ma'anar ne saboda ya amince tana son a fahimce ta. Haɗin kan da Grice yake magana a kai ke nan.

Haka habaici yake. Kishiya tana yi wa kaza faɗa a tsakar gida, maganar ba ta dace da kaza ba, sai abokiyar zamanta ta nemo inda ta dace. Da babu zaton dacewa, da habaicin ya tashi a banza.

Masu sukar sun ɗauki ƙa'idojin a matsayin bayanin yadda mutane suke magana, alhali bayani ne na abin da mai sauraro yake dogaro da shi wajen hararo manufa. Grice da kansa ya yarda akwai wasu ƙa'idoji na zamantakewa, irin su ladabi. Abin da Keenan ta tabbatar shi ne al'ada ce take yanke gwargwadon buƙata. Aikin manazarcin Hausa, a ganina, shi ne auna wannan gwargwado a wurin Bahaushe: ina kunya take rage magana, gaban wa, kuma me mai sauraro yake cike gurbin da shi.