Daga Yamai zuwa Damagaram da ƙahon roba a jikin mota

Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni da Maraɗi kafin ta isa Damagaram, ita ce uwar hanyoyin ƙasar nan. Tsakanin babban birnin yau da Damagaram, wadda ta riƙe wannan matsayi har shekarar 1926, akwai kusan kilomita 900, kuma da wuya a sami ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da bai taɓa shan ranar wannan hanya ba, ko dai wajen rakiyar kaya, ko kuwa wajen zuwa kama aiki inda aka tura shi. A ƴan shekarun nan hanyar ta yi wani sabon fasinja wanda ba ya biyan kuɗin mota, wato kyamara ko wayar salula da ake mannawa ga gilashi ko ga jikin mota domin ta ɗauki hoton tafiya. Masu shirya sinima suna yi, ƴan jarida suna yi, ma'aikatan ƙungiyoyin raya karkara suna yi, har da direbobin da ke son shaida a hannu idan tsautsayi ya gitta. Abin da ke riƙe da na'urar kuwa wani ɗan faifai ne na roba wanda bai wuce tafin hannu ba, amma a kansa ake ɗora kayan da kuɗinsu kan zarce albashin wata.

Duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami ya riga ya san sirrin wannan faifai. Wanzami yakan kifa ƙaho bisa fata, ya tsotse iskar da ke ciki, ya toshe kan ƙahon, sai ya kama ƙam, ba da danƙo ba, ba da igiya ba. Da Faransanci ma suna ɗaya ne ake kiran ƙahon wanzami da faifan robar, wato ventouse. Iskar da ke kewaye da mu tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo 1. Idan aka fitar da wadda ke ƙarƙashin faifan, ta waje kaɗai ke dannawa, ita ce kuma ke riƙe shi. A lissafi, faifai mai faɗin santimita 15 zai iya samun dannin kusan kilo 180, da za a iya kwashe iskar kakaf. To amma ba a iya kwashe ta duka, shi ya sa nauyin da maƙera ke rubutawa a jikinsa yake ƙasa da wannan nesa ba kusa ba. Iri biyu aka fi gani: mai ɗan hannu da ake lanƙwasawa, da mai famfo wanda ke da jan layi. Da zarar jan layin ya leƙo, iska ta fara shiga ke nan, sai a ƙara famfo.

Abokan gabar ƙahon roba uku ne: ƙura, zafi da girgiza. Hanyar Damagaram tana da su duka a wadace. Maganinsu kuwa guda ne, shi ne tsayawa akai-akai a duba.

Fita daga Yamai

Aikin yana farawa tun mota ba ta tashi ba. Ana wanke wurin da za a manna faifan da tsumma mai laima, a wanke bakin robar, a bar su su bushe, domin ƙwayar rairayi guda ta isa ta buɗe wa iska ƙofa. Gilashi ya fi kowane wuri kamawa. Ƙarfe mai fenti lafiyayye yana bi masa, amma inda fenti ya ɓare, ko aka taɓa yin gyaran haɗari, ko aka liƙa takarda, ba wurin amana ba ne. Wanda zai ɗora kyamara mai nauyi a waje ba ya dogara ga faifai ɗaya: uku ake kafawa kamar duwatsun murhu, a haɗa su da sanduna gajeru, sannan a ɗaure na'urar da igiya mai ƙarfi ga ƙarfen saman mota ko ga ginshiƙin ƙofa. Igiyar ta zama gajera, yadda ko faifai ya saki, kyamara ba za ta kai ƙasa ba balle ta shiga ƙarƙashin taya.

Mai barin Yamai da sassafe gabas ya nufa, don haka rana a idonsa take, a idon kyamara kuma haka. Hoton gaba a wannan lokaci yakan fito fari fat, kuma duk wani tabo da ke kan gilashi sai ya bayyana. Gwanaye sukan juya na'urar gefe ko baya da safe, su bar hoton gaba sai bayan azahar, lokacin da haske ya koma bayan mota. Baƙin ƙyalle da aka shimfiɗa a gaban direba, ƙarƙashin gilashi, yana hana inuwar kayan cikin mota fitowa a hoto.

Wajen kilomita 60 daga Yamai ake shiga ƙasar Kure, mazaunin raƙuman dawan da suka rage a Afirka ta Yamma. A 1996 ba su wuce 50 ba, amma bayan shekaru ashirin da ƴan kai na kariya sun haura 600. Wani lokaci sukan fito har kusa da kwalta. A nan ne sabon shiga yake gane cewa abin da ke nesa ba ya ɗaukuwa daga mota mai tafiya: da zarar an jawo hoto kusa, kowace ƴar girgiza sai ta ninka. Raƙumin dawa sai an tsaya, an kashe inji. Kuma tun harin ranar 9 ga Agusta 2020, wanda ya ci rayuka 8 a yankin, mai hankali ba ya ratsewa daji a nan sai ya nemi shawarar hukuma.

Doso, Dutsi da Ƙonni

Bayan an gangara kwarin Dallol Boso an haye, sai Doso, garin Zarmakoy, wajen kilomita 140 daga Yamai. Nan ne zangon farko na duba faifai. Rana ta riga ta ɗaga, ƙarfen mota ya ɗau zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a inuwa, saman mota ba ya taɓuwa da hannu. Roba takan yi laushi, bakinta ya saki, faifan da ya kama ƙam da asuba ya fara zamewa da hantsi. Ita ma wayar da aka bari tana fuskantar rana ta cikin gilashi takan kashe kanta saboda zafi. A lokacin hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, buji ne ke aiki: ƙura mai laushi kamar gari tana kwanciya a kan idon kyamara, tana kuma kutsawa bakin robar.

Daga Doso hanya takan karkata arewa maso gabas zuwa Dogon Dutsi, inda dutsen da ya ba garin suna yake tsaye ja wur a bayan gidaje. Ƙasar Arewa ke nan, kuma a cikinta ne Lugu yake, garin Sarauniya Mangu da ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Wanda ya bar kwalta ya bi hanyar jar ƙasa zuwa ƙauyuka zai gamu da gargada, wato tudu da kwari ƙanana a jere kamar kunyoyin gona. Nan girgiza take nuna kanta. Yawancin kyamarorin zamani ba sa ɗaukar hoto gaba ɗaya, layi-layi suke karanta shi daga sama zuwa ƙasa, don haka idan suna rawa sai a ga itatuwa da bango suna lanƙwashewa kamar ana kallonsu cikin ruwa. Dogon hannu tsakanin faifai da na'ura yana ƙara wannan rawa, yana kuma ɓamɓare faifan ta gefe, kamar yadda doguwar ƙota ke ƙara wa mai saran ƙarfi. Gajeren hannu da sassauta gudu su ne magani.

Birnin Ƙonni, wajen kilomita 420 daga Yamai, mahaɗa ce: kudu Illela da Sakkwato, gabas kaɗan kuma Tsarnawa, inda hanyar Tawa da Agadas ta rabu. Manyan motoci sun yi yawa a nan, kuma kowace ta gifta sai ta watso iska mai jijjiga duk abin da ke manne a waje. Ƙarfin iska ba ya tafiya daidai da gudu: idan gudu ya ninka biyu, daga kilomita 50 zuwa 100 a awa, bugun iska ninki huɗu yake yi. Kyamarar da ta fizge a irin wannan gudu dutse ce aka jefa wa mai babur ko mai amalanke da ke biye.

Masu sha'awar sinima ba sa wuce Ƙonni ba tare da sun tuna da Jean Rouch ba. Shi ne ya shirya Cocorico Monsieur Poulet a 1974 tare da Damure Zika, Lam Ibrahim Dia da Tallu Muzuran, labarin masu fataucin kaji da tsohuwar motarsu ƙirar 2CV wadda har wargaza ta suka yi domin ƙetare kogin Isa. Rouch a kafaɗa yake ɗaukar kyamara, yana tafiya da ƙafa cikin mutane. A kusa da wannan gari ne ya rasu cikin haɗarin mota ranar 18 ga Fabrairu 2004, yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai. Hanyar da ta ɗauke mutumin da ya yi fiye da shekara 60 yana bin ta ba za ta raga wa direban da ya raba hankalinsa tsakanin kwalta da allon waya ba. Faifai ba ya zama inda zai tare wa direba gani, kuma mai tuƙi ba shi ne mai taɓa na'ura ba.

Ƙasar albasa da kasuwanni

Daga Malbaza mai masana'antar siminti zuwa Galmi da Madawa, buhunan albasa ne jere a bakin hanya suna jiran motocin da za su kai su Abijan, Akara da Kwatano. Kusan kowane gari yana da tudun rage gudu a mashigarsa da mafitarsa, kuma kowane tudu gwaji ne ga faifai. Ranar kasuwa mota takan koma tafiyar hawainiya tsakanin amalanke, jakuna da ƴan talla.

A nan wata magana ke tasowa wadda ta fi ta roba nauyi. Kyamarar da ke manne ga mota ba ta sallama. Tana ɗaukar matar da ke sayar da fura, da dattijon da ke alwala a gindin itace, da yaron da ke bara, ba wanda aka tambaya, gobe kuma a gan su a wayoyin mutanen da ba su san su ba. Hoton hanya da gonaki na kowa ne, fuskar mutum kuwa tasa ce. Wanda ke son hoton kasuwar Galmi ya sauka, ya gaida mutane, ya faɗi abin da ya kawo shi. Sau da yawa zai sami fiye da abin da ya nema, domin mai albasa ne zai gaya masa yadda farashi ke faɗuwa lokacin girbi, ya tashi idan damina ta kama.

Haka kuma a shingen jandarma, na soja, na ƴan sanda ko na duwan, ana kashe na'ura tun daga nesa, a sauke ta. Wanda ya isa shinge da kyamara a kunne yana iya rasa ta, ya kuma ɓata ranarsa da ta sauran fasinja wajen bayani. Mai aikin sinima ko na jarida ya riƙe takardar izininsa kusa.

Maraɗi zuwa Damagaram

Bayan Gidan Runji da Tsibirin Gobir sai Maraɗi, wajen kilomita 660 daga Yamai, inda matafiya da yawa ke kwana. Da dare ake cire faifai, a wanke shi, a ajiye shi a inuwa da murfinsa. Robar da aka bari manne kwana da kwanaki takan taurare ta tsage, kuma takan bar zobe a kan fenti.

Sashen ƙarshe yana bi ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa da Takyeta, cikin gonakin hatsi da itatuwan gawo. Wannan yanki ya daɗe da sanin kyamara cikin mota. A ƙarshen 1924 ayarin kamfanin Citroën, motoci 8 masu sarƙa a baya, ya ratsa daga Yamai zuwa Damagaram a kan hanyarsa ta tafkin Cadi, tare da Léon Poirier wanda ya fitar da fim ɗin tafiyar a 1926. A Maijirgi, gabas da Tasawa, akwai kaburburan Voulet da Chanoine. A 2020 fim ɗin African Apocalypse na Rob Lemkin ya bi wannan hanya tare da Femi Nylander, yana bin sawun ɓarnar 1899. Abin da ya ba fim ɗin nauyi shi ne maganganun jikokin waɗanda abin ya shafa, da aka zauna da su a garuruwansu aka saurara.

Idan manyan duwatsun Damagaram suka bayyana da la'asar, rana tana bayan mota, nan ne hoton gaba yake kai matuƙar kyau: ganuwar Birni, fadar Sarki, da hayaniyar Zango. Wanda ya iso da kyamararsa lafiya zai tarar ya tsaya sau goma ko fiye a hanya domin ya goge gilashi, ya ƙara famfo, ya ja igiya. Idan ya zauna duba abin da ya ɗauko, awoyin kwalta za su yi kama da juna, ƴan mintuna kaɗan ne zai tsinta a ciki. Saura abin nunawa daga zangon Doso, kasuwar Galmi da inuwar Tasawa zai fito, inda ƙahon roba ya tilasta masa ya sauka ya yi sallama.