Ɓallewa da Abin da Ke Biyo Bayanta

Na taɓa riƙe sakataren wata ƙungiyar matasa da ta ɓalle daga uwar ƙungiyar garinmu, bayan dattawa sun yi kunnen uwar shegu da kokenmu. Shi ya sa tarihin Karel Farský, fadan Katolika ɗan ƙasar Cek da aka haifa a 1880, bai zo mini a matsayin baƙon labari ba.

Farský bai fara da ficewa ba, kuma wannan ne ya fara burge ni. Limaman coci masu neman gyara irinsa sun tura wakilai wurin Paparoma a 1919, suna roƙon a bar su su yi ibada da harshen Cek maimakon Latin, a kuma bar fada ya yi aure in yana so. Ba a biya musu buƙata ba. Da Kirsimetin shekarar suka yi ibada da harshen jama'a, sannan ranar 8 ga Janairun 1920, a birnin Prague, suka kafa Cocin Cekoslobakiya. Ƙidayar 1921 ta nuna mabiyansa sun haura rabin miliyan.

A nan wahalar take farawa, na kuma san ta ciki da bai. Mu ma ran da muka fita bakinmu ɗaya, don ɓacin rai ne ya haɗa mu. Da aka zauna rubuta tsarin mulki sai kowa ya fito da nasa buri, taro ya koma cacar baki, aminai suka daina gaisawa. Haka ta faru da Farský. Abokin tafiyarsa Matěj Pavlík, wanda ya zama Bishop Gorazd, yana son a bi tafarkin Otodoks, shi kuwa yana son coci mai 'yancin tunani da ke tafiya da ilimin zamani. Suka rabu. A 1924 aka zaɓi Farský shugaban cocin na farko, ya rasu a 1927 yana ɗan shekara 46.

Ƙungiyarmu ta watse, domin ba mu sami mai zama ya fayyace abin da muka tsaya a kai ba. Farský ya zauna ya rubuta wa cocinsa tsarin ibada da littafin koyarwa, ko da hakan ya sa wasu suka tafi. A ganina wannan aikin ya fi ɓallewar kanta buƙatar jarumta. Cocin yana nan har yau, kuma tun 1971 yake ɗauke da sunan Jan Hus, malamin da aka ƙona a 1415.